Ɗan Gidan Masu Cin Ƙasa da Tarihin Cin Ƙasa: Thomas Pakenham da Littattafansa Uku

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi rayuwa da ayyukan Thomas Pakenham, magaji na 8 a sarautar Longford ta ƙasar Ailan, wanda ya rubuta manyan littattafai uku a kan tawayen Ailan na 1798, da Yaƙin Boer, da wawason da Turawa suka yi wa Afirka. Hujjar da maƙalar ta kafa ita ce, gidan da ya fito shi ne ya buɗe masa taskokin takardun masu mulki ya kuma sanar da shi halinsu, har ya iya tona musu asiri ba sani ba sabo. Kuma wannan gida dai shi ne ya yanke masa iyakar muryoyin da kunnensa ke kamawa. An auna hujjar a kan littattafan uku, aka ƙare da yadda ya ba da labarin Satiru.

Gabatarwa



Da yawa daga cikinmu mun taɓa ɗaga littafin nan mai kauri, The Scramble for Africa, wanda ya fito a 1991 da shafuka fiye da 700. Ɗalibai na son sa saboda labari ne yake gudana, ba ya gajiyar da mai karatu. Sunan da ke bangonsa Thomas Pakenham ne kawai, babu wani laƙabi. Amma mai wannan suna ɗan sarauta ne gaba da baya, kuma filin da gidansu ke zaune a kai ganimar yaƙi ce. Muradina a yau shi ne in nuna cewa sanin wannan asali yana canza yadda ya kamata mu karanta shi. Ba ina nufin a jefar da littattafansa don shi ɗan gidan masu mulki ne ba. Wannan raggon sharhi ne, kuma aikinsa ya fi ƙarfin haka.

Gidan da ƙasarsa

Jama'ar da ake kira Anglo-Irish zuriyar Ingilishi ce, akasari Furotesta, da suka zauna a Ailan suka mallaki ƙasarta daga ƙarni na 16 da na 17. Lissafin masanin tarihi J. G. Simms ya nuna girman abin da ya faru: a 1641 'yan Katolika, wato mafi yawan 'yan ƙasa, suna riƙe da kashi 59 cikin ɗari na filayen tsibirin, a 1688 abin ya koma kashi 22, zuwa 1703 saura kashi 14. Ƙasar ba ta ƙaura ba. Hannu ta sauya, masu ita na da suka koma manoma masu biyan haya a gonakin kakanninsu.

Cikin waɗanda suka samu rabo akwai Henry Pakenham, hafsa a rundunar Majalisa ta zamanin Oliver Cromwell. Gwamnati ta kasa biyan sojojinta albashi, sai ta biya su da filayen waɗanda aka ci da yaƙi. Ta haka Henry ya samu Tullynally a gundumar Westmeath a 1655. Bayan shekara ɗari jikokinsa suka shiga sahun masu sarauta: sarautar Baron ta Longford a 1756, sai ta Earl a 1785. A 1821 aka ƙara musu wata sarautar a jerin na Birtaniya, Baron Silchester, wadda ta ba su kujerar gado a Majalisar Dattawa ta Landan. Wannan ƙarin yana da muhimmanci, domin bayan haɗe Ailan da Birtaniya a 1801 masu sarautar Ailan ba su da kujera kai tsaye, wakilai 28 kawai suke zaɓa daga cikinsu. Gidan kuwa aka yi ta faɗaɗa shi a ƙarni na 19, aka ɗora masa hasumiyoyi da kamannin ganuwa, har ya kai ɗakuna kimanin 120.

Duk inda daular Birtaniya ta yi yaƙi, da wuya a rasa ɗan wannan gida. Kitty Pakenham ta auri Arthur Wellesley a 1806, wanda daga baya ya zama Duke na Wellington ya karya Napoleon. Ɗan'uwanta, Janar Edward Pakenham, a yaƙin New Orleans Amurkawa suka kashe shi ran 8 ga Janairu, 1815. Earl na 5, kakan marubucinmu, ya samu rauni a Afirka ta Kudu a 1900, ya mutu a Gallipoli a watan Agusta na 1915.

Daga 'ya'yan wannan Earl na 5 ne akalar gidan ta juya. Babban, Edward, ya koyi harshen Ailan, ya goyi bayan 'yan kishin ƙasa, ya zuba dukiyarsa a gidan wasan kwaikwayo na Gate a Dablin, har shugaban gwamnatin Ailan Éamon de Valera ya naɗa shi sanata a 1946. Ƙanensa Frank ya bar jam'iyyar 'yan mazan jiya ya shiga Leba, ya koma Katolika a 1940, ya rubuta Peace by Ordeal a 1935 kan yarjejeniyar 1921 da ta haifar da ƙasar Ailan mai cin gashin kanta. Ya riƙe ma'aikatar ƙasashen mallaka na 'yan watanni, daga Disamba 1965 zuwa Afrilu 1966, lokacin da daular ta riga ta zama kufai. Tsakanin 1919 da 1923 an ƙone manyan gidajen masu ƙasa kimanin 275 a Ailan. Tullynally na cikin waɗanda suka tsira.

Magajin da ba ya amsa sunan sarauta

An haifi Thomas ran 14 ga Agusta, 1933, shi ne babban ɗa namiji ga Frank da matarsa Elizabeth. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: uwar ta rubuta tarihin Sarauniya Biktoriya a 1964 da na Wellington a juzu'i biyu, yayarsa Antonia Fraser ta yi suna da tarihin sarakunan Birtaniya da Faransa, ƙanwarsa Rachel Billington marubuciyar ƙagaggun labarai ce. Akwai wata dangantaka ta wajen uwa da ta shafe mu kai tsaye. Kakarsa 'yar ɗan'uwan Joseph Chamberlain ce, sakataren ƙasashen mallaka daga 1895 zuwa 1903, mutumin da ya sa aka kafa rundunar West African Frontier Force a 1897 ya damƙa ta ga Lugga. Rundunar da ta fasa ganuwar Kano ke nan.

Ya yi karatu a Ampleforth, makarantar Katolika, sannan kwalejin Magdalen a Oxford. Da ya gama a 1955 bai nemi kujerar ofis ba, Habasha ya nufa. Abin da ya ja shi shi ne dutsen Wehni, inda sarakunan Gondar ke tsare 'ya'yan sarauta a ƙololuwa don kada su yi wa mai gado tawaye, al'adar da Samuel Johnson ya gina labarinsa na Rasselas a kanta a 1759. Thomas ya isa gindin dutsen a kan alfadari, bai samu hawa ba, ya dawo ya rubuta The Mountains of Rasselas a 1959. Littafin saurayi ne mai yawon buɗe ido, amma halin da zai bi shi har tsufa ya bayyana a ciki: sai ya taka wuri da ƙafarsa kafin ya rubuta shi. Daga nan ya yi aikin jarida a Landan, a Times Educational Supplement da Sunday Telegraph da Observer.

A 1961 Edward ya rasu ba ɗa. Sarauta ta faɗa kan Frank, gida da gonaki suka faɗa kan Thomas yana da shekara 27, tare da nauyin harajin gado. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya yi shi ne sauya sunan gidan. Kakanninsa sun kira shi Pakenham Hall. Shi ya mayar masa da tsohon sunan wurin, Tullynally. Da mahaifinsa ya rasu a 2001 sarautar ta iso gare shi, amma bai yi amfani da ita ba. Ko da ya so, ba ta da sauran iko: tsarin mulkin Ailan na 1937 ya hana gwamnati bayar da sarautun gado, dokar 1999 kuma ta kori masu kujerar gado daga Majalisar Dattawan Birtaniya in ban da 92.

Daga baya ya karkata ga itatuwa. Ya kafa ƙungiyar masu kula da itatuwa ta Ailan a 1990, ya wallafa Meetings with Remarkable Trees a 1996, har da littafi sukutum a kan kuka a 2004. Ba zan tsaya a nan ba, sai dai in ce wannan ma aikin ɗan gado ne: a Ailan ta ƙarni na 18 mai ƙasa ne ke da sukunin dasa itacen da sai jikansa zai sha inuwarsa, ɗan haya kuwa bai san ko gonar za ta kai baɗi a hannunsa ba.

1798: tawaye ta tagar fadar gwamna

The Year of Liberty ya fito a 1969, shekarar da rikicin Ailan ta Arewa ya ɓarke. Batunsa tawayen ƙungiyar United Irishmen, wadda Wolfe Tone da abokansa suka kafa a 1791 da burin haɗa Katolika da Furotesta, daga baya kuma ta nemi kafa jamhuriya irin ta Faransa. Tawayen ya tashi a watan Mayu na 1798, ya fi ƙarfi a Wexford, aka karya shi a tudun Vinegar Hill ran 21 ga Yuni. Taimakon Faransa ya zo a makare: Janar Humbert ya sauka a Killala ran 22 ga Agusta da soja kimanin 1,000, ya kori rundunar gwamnati a Castlebar, ya miƙa wuya a Ballinamuck ran 8 ga Satumba. An ɗauki Faransawa a matsayin fursunonin yaƙi, 'yan ƙasar da suka bi su kuwa aka bi su da takobi da igiya.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga Pakenham. Ballinamuck na gundumar Longford, wadda sarautarsu ke ɗauke da sunanta. Kwana biyu kafin nan an tarwatsa 'yan tawayen Westmeath a makarantar Wilson's Hospital, 'yar tafiya kaɗan daga Tullynally, kuma Earl na 2 yana cikin jagororin dakarun da suka yi aikin. Da marubucin ya so wanke kakanninsa, ga dama. Bai yi ba. Ya zayyana yadda sojojin gwamnati suka tura talakawa bango tun kafin a fara harbi: bulala a bainar jama'a don a tona inda aka ɓoye māsu, ƙona gidaje, rataye mutum a sauke shi kafin ya cika a sake tambayarsa. Akwai kuma hular kwalta. A cika hular takarda ko ta ƙyalle da narkakkiyar kwalta, a kifa wa wanda ake zargi a ka, a bar ta ta daskare, sannan a fizge ta da gashi da fata. Bai kuma ɓoye ta'asar ɗaya ɓangaren ba, musamman rumbun Scullabogue inda 'yan tawaye suka ƙone fursunoni fiye da 100, akasarinsu Furotesta, ran 5 ga Yuni. Ya ƙiyasta mamatan shekarar da 30,000. Wasu masana bayansa, irin su Thomas Bartlett, sun sauko da adadin zuwa wajen 10,000.

To ina matsalar? Kayan aikinsa. Ginshiƙin littafin shi ne takardun tawaye da a lokacin suke fadar gwamnati a Dablin: rahotannin 'yan leƙen asiri, wasiƙun alƙalai da hafsoshi da masu ƙasa a firgice. Wanda ya rubuta wasiƙa cikin dare yana jiran a fasa masa ƙofa ba ya ganin tsari a cikin masu zuwa, gungun mutane kawai yake gani. Haka 'yan tawayen Wexford suka fito a littafin, manoma da tsoro da gabar addini suka kora, ba su da ƙwaƙƙwaran shiri. Louis Cullen da Kevin Whelan sun zo daga baya suka nuna cewa ƙungiyar ta yi rassa a Wexford, tana da hafsoshinta da manufarta ta siyasa, kuma hoton gungun jahilai ya yi wa gwamnati da Cocin Katolika daɗi ne bayan an gama, kowanne da dalilinsa. Guy Beiner kuma, a littafinsa na 2007 kan yadda mutanen yammacin Ailan ke tuna zuwan Faransawa, ya yi aiki da labaran baka da Hukumar Adabin Gargajiya ta Ailan ta tattara tun daga 1935. Wannan taska tana nan a Dablin lokacin da Pakenham ke rubutu. Ba a nan ya gina littafinsa ba.

Yaƙin Boer: inda ya ɗauki rikoda

A ganina The Boer War, na 1979, shi ne gwanin littattafansa, kuma dalilin bai rasa nasaba da sauya hanyar aiki. Ya shafe shekara takwas a kai. Ya koyi karanta harshen Turawan Boer. Ya shiga gidajen jikokin janar-janar ya fito da wasiƙun da ba a taɓa bugawa ba. A nan kam sunan gidansu ya yi masa rana, domin akwatin da za a hana baƙo ana buɗe wa ɗan Longford. Sannan ya ɗauki rikoda ya bi tsofaffin sojoji 52 daga cikin waɗanda suka rage a duniya, dukkansu sun haura 80, har da baƙaƙen fata uku.

Abin da ya fito da shi ya girgiza labarin da aka saba ji tun tarihin yaƙin da jaridar Times ta wallafa ƙarƙashin Leo Amery. Na farko, ya ɗora alhakin yaƙin a wuyan Alfred Milner, babban kwamishinan Birtaniya a Afirka ta Kudu. Ya nuna Milner ya je taron Bloemfontein da Shugaba Paul Kruger a 1899 ba da niyyar sulhu ba, kuma yana da fahimtar juna ta bayan fage da attajiran zinariya irin su Alfred Beit da Julius Wernher. Haƙƙin zaɓe na baƙin Turawa a Transvaal, wanda aka ce shi ake yaƙi a kai, hujja ce ta fita kunya. Na biyu, ya wanke Janar Redvers Buller, wanda aka mayar abin dariya saboda kayen Colenso ran 15 ga Disamba, 1899 da na Spion Kop ran 24 ga Janairu, 1900. Pakenham ya ce Buller ne ya fara gane cewa bindigar zamani mai harsashi marar hayaƙi da ramin ɓuya sun kashe tsohon salon kai hari a jere, kuma gabar da ke tsakanin 'yan ɓangaren Lord Roberts da na Lord Wolseley a cikin rundunar ita ta ci sunansa. Wannan irin gulmar manya, wa ke ƙin wa, wa ya rubuta wa wa, ita ce Pakenham ya fi kowa iya karantawa, don a cikin irinta ya tashi. Kakansa ma ya shigo labarin: yana cikin mahayan sa-kai da aka yi wa ƙawanya a Lindley suka miƙa wuya ran 31 ga Mayu, 1900, tare da James Craig, wanda daga baya ya zama firayim ministan farko na Ailan ta Arewa.

Na uku, kuma mafi nauyi, ya ƙi yarda cewa yaƙin na farare ne zalla. An san 'yan Boer kusan 28,000, akasarinsu mata da yara, sun mutu a sansanonin gwale-gwale, saboda Emily Hobhouse ta kai kukansu Landan. Ba a cika faɗin cewa akwai sansanoni daban na baƙaƙe ba, inda aka rubuta mutuwar fiye da 14,000, kuma binciken baya ya kai adadin 20,000 ko fiye. Ya tuhumi Baden-Powell, gwarzon ƙawanyar Mafeking ta kwana 217 kuma uban 'yan sikawut, da tauye abincin baƙaƙe don na farare ya kai. Ya nuna yadda yarjejeniyar Vereeniging ta 31 ga Mayu, 1902 ta ɗage maganar ƙuri'ar baƙaƙe har sai farare sun samu mulkin kansu, wato an binne ta ke nan.

Ba duk hujjojinsa suka tsaya ba. Iain Smith, a 1996, ya ce babu isasshiyar shaida cewa attajiran zinariya ne suka tura gwamnati yaƙi. Batun fifikon Birtaniya a yankin ya fi nauyi. Tim Jeal, a tarihin Baden-Powell na 1989, ya ƙalubalanci lissafinsa na abincin Mafeking. Cikakken tarihin baƙaƙe a yaƙin kuma sai da Peter Warwick ya rubuta shi a 1983. Duk da haka, mutum uku cikin 52 da ya zauna ya saurara sun nuna abin da zai iya yi idan ya fita daga ɗakin takardu.

Wawason Afirka, da Satiru

Littafi na uku ya ɗauki nahiya sukutum daga 1876 zuwa 1912. Ya buɗe da mutuwar David Livingstone a 1873, ya ɗauki Sarki Leopold na II na Beljiyam ya mai da shi zaren da ke ɗinke labarin, tun daga taron masana ƙasa da ya kira a Brussels a 1876, zuwa taron Berlin na 1884 da 1885, zuwa asirin roba da yanke hannaye a Kwango. Jigonsa shi ne cewa Turawa sun shigo da take uku, ciniki da Kiristanci da wayewa, sai na huɗu ya haɗiye su, wato cin ƙasa da bindiga. Littafin ya ci kyautar W. H. Smith a Birtaniya da ta Alan Paton a Afirka ta Kudu.

Ba za a ce ya yi wa daular kara ba. Kisan Herero a 1904, da murƙushe Maji Maji, da yankan Omdurman na 2 ga Satumba, 1898, duk suna ciki ba sassauci. Ya ba Adwa haƙƙinta, inda Menelik ya karya Italiya ran 1 ga Maris, 1896. Habasha dai ƙasa ce da ya taka. Yana da tausayi na musamman ga ɗan gida da ya juya wa gida baya, irin E. D. Morel da Roger Casement. Casement ɗin nan ɗan Furotestan Ailan ne, ya yi aikin gwamnati a Kalaba a shekarun 1890, ya rubuta rahoton Kwango na 1904, Birtaniya ta rataye shi a 1916 saboda tawayen Ailan. Ba abin mamaki ba ne ɗan Frank, ɗan ɗan'uwan Edward, ya fahimci irin wannan mutum.

Amma mu duba ta ina kyamarar take. Kusan kowane babi daga wani ofis yake farawa a Landan ko Paris ko Berlin ko Brussels, ko daga tantin wani Bature a daji. Muna jin zazzaɓin Bature, da bashin da ke kansa, da wasiƙar da ya aika wa matarsa. Ƙasarmu ta shigo ne ta hannun George Goldie da kamfaninsa na Neja mai lasisin 1886, da tseren Lugga da Faransawa zuwa Nikki a Borgu a 1894. Daular Usmaniyya, wadda ke cikin mafiya girma a Afirka ta ƙarni na 19, ba ta samu babi nata ba. Faɗuwar Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, da ta Sakkwato ran 15 ga Maris, da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru na I a Burmi ran 27 ga Yuli, ba su samu ko kusa da filin da rigingimun ministocin Turai suka samu ba.

Satiru ita ce ma'auni mafi kyau, domin ya kawo ta, kuma bai rage mata muni ba. Abin da ya faru sananne ne. Ran 14 ga Fabrairu, 1906 mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato, da gatura da fartanya da kibau, suka fatattaki rundunar dawaki, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ran 10 ga Maris aka dawo musu da runduna mai ƙarfi, aka kashe mutum kimanin 2,000, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Attahiru na II ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Pakenham ya faɗi kisan. Sai dai a wane gurbi? A cikin labarin sabuwar gwamnatin Liberal a Landan, da saurayin ƙaramin minista Winston Churchill da ke rubuta ƙorafi a gefen fayil kan yawan jinin da Lugga ke zubarwa. Wato Satiru ta zama matsalar lamirin Birtaniya.

Tambayoyin da mu za mu yi ba su taso ba. Su wane ne mutanen Satiru, me ya tara su? Shekara guda kafin littafin ya fito, Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna cewa da yawansu bayi ne da suka gudo da talakawa da suka ƙi biyan haraji, cewa aƙidar Mahadi ce ta haɗa su, kuma cewa tashin ya tsallaka iyakar da Turawa suka shata: malamin nan makaho da ake kira Ɗan Makaho daga tawayen Kobkitanda ya gudo, a yankin Doso da ke hannun Faransa. Me ya sa sarakunan Sakkwato suka tsaya tare da Nasara a kan waɗannan mutane? Amsar tana komawa ga muhawarar 1903, tsakanin masu ganin hijira ta wajaba da masu ganin a zauna a kare addinin jama'a a ƙarƙashin wanda ya fi ƙarfi. Wannan muhawara a rubuce take. Waziri Buhari ya rubuta risala yana bayyana wa malamai dalilin da ya sa ya koma ya yi sulhu. Ba labarin baka ba ne da za a ce ya ɓace, takarda ce ta masu mulki, irin wadda Pakenham ya ƙware a kai, sai dai da Larabci take.

Kuma ba sai ya iya Larabci ba. The Sokoto Caliphate na Murray Last ya fito tun 1967, Power and Diplomacy in Northern Nigeria na R. A. Adeleye a 1971, juzu'i na 7 na tarihin Afirka na UNESCO ƙarƙashin Adu Boahen a 1985. Ko D. J. M. Muffett, wanda jami'in mulkin mallaka ne, ya zauna da tsofaffin da suka ga 1903 da idonsu kafin ya rubuta Concerning Brave Captains a 1964. Abin da ya hana Pakenham ba rashin kayan aiki ba ne, kuma ban ga alamar raini a rubutunsa ba. Tsarin labarin ne: ya zaɓi ya bi masu yanke shawara, kuma a tunanin da ya gada, shawara a Turai ake yanke ta. Fadar Sakkwato ma tana da waziri da wasiƙu da ɓangarori masu jayayya, daidai irin abin da ya iya warwarewa tsakanin Roberts da Wolseley.

Saboda haka shawarata ga masu koyar da wannan zango ita ce a ba ɗalibi shafukan Pakenham kan Satiru tare da maƙalar Lovejoy da Hogendorn da risalar Waziri a mako guda, a ce ya fitar da wanda ya yi magana da wanda aka yi magana a kansa a kowanne. Ga mai neman batun digiri kuma, takardun Lugga suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, rahotannin Razdan Burdon na lardin Sakkwato suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, wasiƙun fada kuma akwai su a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Makonni uku da rabi ne tsakanin 14 ga Fabrairu da 10 ga Maris, 1906, kuma ana iya bin su rana-rana daga waɗannan taskoki uku.